Yanka a Kan Alli

Su uku ne a ɗakin: Umma, da 'yarta, da ƙaramin yaro da ake kira Auta. Ɗakin ba nasu ba ne. Yana bayan wani shagon ɗinki, bango ɗaya ya raba su, kuma da shagon da ɗakin duk mallakar yayar marigayi baban yaran ce, wadda kowa a layin yake kira Gwaggo, har waɗanda suka girme ta. Umma tana aikin shara da goge-goge a wani asibiti. Tana fita da sassafe, ta dawo da yamma hannuwanta na warin maganin wanke ƙasa. Abinci bai taɓa yanke musu ba, sutura ma haka, domin guntayen yadi ba sa ƙarewa a shagon tela. Abin da suka rasa shi ne ƙofar da za su rufe su ce tasu ce. Ƙofar ɗakinsu cikin shago take buɗewa, duk mai fita ko shiga sai ya ratsa ta gaban keken Gwaggo ya gaishe ta.

Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare. Tun tana ƙarama ake ce mata 'Yar Gwaggo, saboda kullum a gindin keken ake ganinta tana tsintar allura, har sunan ya bi ta makaranta. Da ta taso daga makaranta za ta cire kayan makaranta ta rataye a ƙusa, ta ci abin da ta samu, ta hau keke. Ba ta sauka sai an rufe shago.

Ita ma Gwaggo akwai abin da ta rasa, ko da yake ba ta yarda a faɗa. Idanunta sun fara dushewa. Ba ta iya zura zare a allura, kuma in ta hau keke ɗinkin yakan kauce ya bi wata hanya kamar akuyar da ta tsinke. Amma yanka yana hannunta. Takan yi shi da hantsi, lokacin da haske ya cika shagon, yarinyar kuma tana makaranta. Kafin azahar an yanka komai, an ɗaure na kowace mata da tsumma, an jera a kan tebur. 'Yar Gwaggo ta zo ta haɗa, ta sa zif, ta yi kalmasa, ta goge. Masu kaya su zo su juya riga ciki da waje su ce, "Gwaggo, hannunki dai ba ya tsufa." Gwaggo ta ce, "Baiwa ce."

Ga wanda bai san aikin tela ba, haka ake koyar da shi a shaguna da yawa. Ana fara wa yaro da guga, sai maɓalli, sai kalmasa, sai hawa keke. Yanka shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba a zuwa wurin, domin wanda ya iya yanka ya iya tafiya. Shekarun da 'Yar Gwaggo ta yi a shagon, ba ta taɓa riƙe babban almakashi ba. Yana cikin aljihun tebur, naɗe a ƙyalle.

A tsakiyar shekarar, malamar da ke kula da zaɓen sana'a ta shigo ajinsu. Mace ce mai haƙuri, ba ta ɗaga murya, takan jira surutu ya mutu da kansa. Ta ce akwai cibiyar koyon sana'a a wani gari, ta kwana, shekara biyu, ba a biyan komai, kuma an ba makarantarsu gurabe. Fanni huɗu ne: lantarki, girki, gyaran waya, da ɗinki. Kowa zai zaɓi ɗaya. Duk fannonin rana ɗaya ake gwajinsu, kuma 'yan ajin ƙarshe kaɗai ake ɗauka, wato dama ɗaya ce.

Wata yarinya da ake kira Rediyo, saboda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga hannu.

"Malama, babu fannin zama a ofis mai sanyi ana juyi a kujera?"

"Akwai," in ji Malama. "Amma sai wani ya ja wayar da za ta kawo sanyin."

"To a rubuta ni a girki. Ko ban ci gwaji ba na ci abinci."

Aka yi dariya. Da aka tashi, Malama ta tsayar da 'Yar Gwaggo.

"Ke fa? Kowa ya ce ɗinki za ki."

Yarinyar ta dubi ƙasa. "Malama, lantarki nake so."

Ta faɗa mata yadda ta gyara wayar dutsen gugar shago da ta ƙone, da yadda ta gano abin da ke kashe fitilar ɗakinsu duk sanda aka kunna fanka. Tana magana tana nunawa da yatsu, muryarta ta buɗe. Malama ta ce gwajin lantarki a rubuce ake yi, lissafi ne da kimiyya, kuma a ajin babu wanda ya fi ta lissafi.

"Ki je ki yi shawara a gida," in ji ta. "Amma ni ban ga abin da zai hana ki ba."

Da yamma, bayan Umma ta dawo tana zaune bakin katifa tana matsa ƙafarta, yarinyar ta faɗa mata cikin raɗa. Bangon bai da kauri. Kafin ta kai ƙarshe, labule ya ɗaga.

"Lantarki?" in ji Gwaggo. "Ke ɗin? Ke da in fanka ta juya da ƙarfi sai an riƙe ki? Ki hau tsani da wannan ƙafar taki kamar tsinken tsintsiya, wuta ta ja ki, a kawo mana ke a buhu. Maman Auta, kina ji kina shiru?"

"Yanzu take faɗa mini, Yaya."

"Shekara biyu. A wani gari. To madalla. Keken nan kuma aljanu za su riƙa taka shi." Ta dubi ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwa, a hankali, kamar mai auna shi. "Jiya ma mai gyaran takalmin nan yake tambayata ko ina da wurin ajiye kaya. Na ce masa akwai mutane a ciki."

Ta saki labulen. Umma ta ci gaba da matsa ƙafarta. Auta, wanda yake kwance yana aikin gida, ya daina rubutu, bai kuma ɗago ba.

Kwana biyu Gwaggo ba ta yi wa yarinyar magana, sai dai ta tura mata ɗauri da ƙafa. A rana ta uku, da ta dawo daga makaranta, ta tarar da Gwaggo zaune a kan benci tana jiranta, fuska a sake.

"Zo nan, uwata. Zauna."

Rabon da ta kira ta uwata tun babanta yana da rai.

"Na yi tunani. Ba zan tare miki hanya ba, 'yar ƙanina ce ke. Amma in za ki tafi, ki tafi da abin da kika iya. Wa ya fi ki ɗinki a duk yaran nan? Ki je wurin maza masu lissafi su ture ki? Ki zaɓi ɗinki, ki shiga da ƙafar dama, ki fito da takarda da kekenki."

"Gwaggo, an ce akwai yanka a gwajin. Ban iya ba."

Gwaggo ta jawo aljihun tebur, ta warware ƙyallen, ta ɗora mata almakashin a tafin hannu. Ya fi yadda take zato nauyi. Wurin riƙonsa ya yi santsi saboda daɗewa a hannu.

"Ni ce zan koya miki. Da can lokacinki bai yi ba."

Yarinyar ta shiga ɗaki ta yi kuka kaɗan, na daɗi. Ta ji kunyar abubuwan da ta riƙa faɗi a ranta a kwanakin nan biyu.

Washegari ta sami Malama ta ce ta sauya. Malama ta ajiye biro ta dube ta.

"Ke kika sauya, ko sauya miki aka yi?"

"Ni ce, Malama. Gwaggona za ta koya mini yanka."

"Da kika yi mini maganar wayar dutsen guga, fuskarki daban take."

"Ɗinkin na fi iyawa."

Malama ta sake ɗaukar bironta. Ba ta son ta tursasa yaro, kuma ta san cewa 'yan gida sun fi ta sanin gida. Ta ce, "To. In kin sake tunani kafin ƙarshen mako, ƙofata a buɗe take." Yarinyar ba ta koma ba.

Aka fara darasi. Kowace yamma, in aiki ya yi sauƙi, Gwaggo takan shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur. Ta ce yadi ba abin wasa ba ne, ba za a ɓata na mutane a koyo ba. Ta koya mata awo: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon riga, tsawon hannu. Ta koya mata ninka yadi biyu, da raba awon ƙirji gida huɗu, da zagayen wuya, da lanƙwasar hammata, wadda ita ce mai wuya. Duk wannan ta koya mata daidai, da haƙuri, har tana kama hannunta tana bi da shi. Yarinyar tana da kai, ba a maimaita mata abu sau uku.

Da ta gama zana rigar farko da alli, ta ɗauki almakashi ta sa bakinsa ɗan nesa da layin.

"Me kike yi?" in ji Gwaggo.

"Rara zan bari. Inda ɗinki zai ci."

Kowane tela ya san wannan. Awon jikin mutum daban, abin da ake yankawa daban. Ana barin kamar faɗin yatsa biyu a wajen layin alli, domin ɗinki zai cinye wani, zif zai cinye wani, kuma mai riga yana bukatar wurin numfashi. 'Yar Gwaggo ba ta taɓa yanka ba, amma yatsunta sun san rarar nan, kullum ita suke turawa ƙarƙashin allura.

Gwaggo ta yi tsaki mai sauƙi, irin na mai tausayi.

"Wannan aikinmu ne na 'yan kasuwa, da muke yi da ka. Su 'yan makaranta ba haka suke ba. Su awo suke dubawa. In suka ɗora tef ɗin awo suka ga ya wuce abin da kika auna ko da ƙwayar zarra, sun ce ba ki iya lissafi ba. A kan alli ake yanka. Daidai kan layi."

"To in na zo ɗinki fa, Gwaggo? Ba za ta matse ba?"

"Yadinsu yana miƙewa. Ke kika taɓa zuwa can ko ni? Yara nawa na gani sun je sun dawo saboda rarar nan?"

Umma tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kwano a hannu. Ta yi shekaru a bayan wannan bango, ta san abin da tela yake bari da abin da ba ya bari. Ta buɗe baki.

"Maman Auta, ko kina da magana?"

"A'a, Yaya."

"Na ga kamar za ki koya mana ɗinki."

"Ruwa zan ɗiba."

Ta ratsa ta gabansu ta fita. Yarinyar ta mayar da almakashi kan layin ta yanka. Jarida ba a ɗinka ta, ba a kuma sa ta a jiki, saboda haka duk rigunan da ta yanka a makonnin nan sun fito da kyau. Gwaggo takan ɗaga su a haske ta ce, "Kin gani? Kamar da inji." Har hannun yarinyar ya saba, ya daina neman waje.

Ranar gwaji Malama ce ta kai su a motar makaranta. Rediyo ta yi ta zuba tun daga ƙofar makaranta har suka isa, tana cewa in aka ba ta albasa ta yanka za ta yi kuka a ba ta maki don tausayi. A cibiyar aka raba su. 'Yan lantarki suka shiga wani aji mai tagogi da yawa. 'Yar Gwaggo ta bi su da kallo har suka shige, sannan ta bi nata layin.

Ɗakin ɗinkin dogo ne, kekuna a jere, kowane da teburinsa da mutum-mutumin gwada riga a gefe. An ba kowa yadi iya na riga ɗaya, da zif, da zare, da alli. Mai gwajin wani dattijo ne da tef rataye a wuya da tabarau a ƙarshen hanci. Ya ce a auna mutum-mutumin, a yanka, a ɗinka masa riga mai hannu da zif a baya, a gama kafin a kaɗa ƙararrawa. Ya ƙara da cewa yadin da ke gaban kowa shi ke nan, babu ƙari.

Ta auna, ta ninka, ta zana. Layinta ya fita sarai, lanƙwasar hammata ta zauna yadda ake so. Da ta ɗaga kai ta ga ta kusa da ita, wata gajeruwar yarinya mai gumi a goshi, tana sake zana wani layi a wajen na farko. Ta duba gaba, ta ga wani yaro ma haka yake yi. Sai ta tuna maganar yaran da suka je suka dawo, ta ji tausayinsu. Ta sa almakashi a kan alli.

"Ke," in ji gajeruwar cikin raɗa, ba tare da ta juyo ba. "Ba ki bar rara ba."

"Na sani."

"To."

Ta yanka gaba, ta yanka baya, ta yanka hannuwa. Ta riga kowa hawa keke.

A nan ne yatsunta suka gaya mata. Ta haɗa gaba da baya ta tura ƙarƙashin allura, yatsun suka nemi wurin da suka saba riƙewa, babu. Ta ja yadin ta gani ko zai miƙe. Yadi ne irin na kowa, bai motsa ba. Ta dubi guntayen da suka zube a ƙasa, sirara, ba abin da za su yi. Sai ta yi abin da ya rage: ta bi bakin yadin da ɗinki, kusa da gefe iya yadda allura za ta kama, don ta ceci ko da rabin inci ne. Ba kowa zai iya wannan ba, layin ya tafi a miƙe kamar an ja shi da zare. Amma zif sai an ninka masa yadi, kuma nan ba dabara.

Da aka kaɗa ƙararrawa, mai gwajin ya bi tebur-tebur yana sa wa kowane mutum-mutumi rigarsa. Ta gajeruwar ta shiga, ko da yake wuyan ya karkace, hannu ɗaya kuma ya fi ɗaya. Ya yi rubutu ya wuce. Da ya zo kan 'Yar Gwaggo ya juya rigar ciki, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ɗaga gira. Sannan ya zura ta. Kafaɗa ta shiga da ƙyar. A baya, bakin zif ɗin biyu suka tsaya nesa da juna, ana ganin jikin mutum-mutumin a tsakani.

"Ku matso," in ji shi ga sauran. "Ku zo ku ga abu."

Suka taru.

"Wanda ya ɗinka wannan tela ne. Wanda ya yanka ta kuwa bai taɓa ganin ɗan Adam ba. Ke, ku biyu ne a teburin nan?"

"Ni kaɗai ce."

"Wa kika ɗinka wa? Ƙanwarsa?" Ya dafa kan mutum-mutumin. "Ko so kike ya yi azumi ya rame tukuna?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. Ya kama bakin biyu ya ja don ya haɗa su. Ɗinkin gefe, da yake a bakin yadi yake, ya zare daga hammata har ƙugu da wata 'yar ƙara.

"Ina rararki?"

"An ce mini a nan a kan alli ake yanka."

"Wa ya ce?"

Ta kafa wa rigar ido.

"Duk duniya babu inda ake yanka a kan alli. Ko mai ɗinkin buhu yana barin rara. Wanda ya gaya miki haka, ko bai taɓa riƙe almakashi ba, ko kuwa ba ya ƙaunarki." Ya zare rigar ya miƙa mata. "Riƙe, ki yi tsummar goge keke."

A waje, 'yan lantarki sun fito suna gardamar amsar tambaya ta ƙarshe. Ta ji lambar da suke musu a kai, ta kuma san wace ce daidai. Rediyo ta taho da gudu da fulawa a gaban riga, ta buɗe baki, ta ga fuskar 'Yar Gwaggo, ta rufe.

Malama ta ja ta gefe ƙarƙashin wata bishiya, ta karɓi rigar ta duba. Ba ta san ɗinki ba, amma ta ga inda ya yage. Ta ce ta jira, ta shiga ofis. Ta daɗe. Da ta fito tafiyarta kawai ta isa amsa.

"Na roƙe su. Sun ce in suka ba ki yadi na biyu, sai sun ba kowa. Na tambayi na lantarki, sun ce an riga an tattara takardu." Ta zauna kusa da ita. "Wa ya koya miki yankan?"

"Gwaggona. Wataƙila ba ta san yadda ake yi a nan ba."

Malama ta dube ta, ta dubi rigar, ta ninke ta a hankali ta mayar mata. "Wataƙila," in ji ta.

Duk tsawon hanya yarinyar tana riƙe da wannan kalma. Gwaggo ba ta yi makaranta ba. Wani ne ya gaya mata, ta yarda. Za ta ji ciwo in ta ji, ƙila har ta yi kuka. Ta shirya yadda za ta faɗa mata a hankali don kada ta ɗora wa kanta laifi.

Rana ba ta faɗi ba ta iso layinsu. Tun daga nesa ta ga ƙofar shago a cike. Bandir-bandir na yadi, shuɗi da fari, an jingina su a bango har kan benci. Umma, wadda ya kamata a ce tana asibiti, tana ɗauke da ɗaya a ka, Auta yana jan wani a ƙasa. Wata mata mai jaka a hammata tana tsaye tana ba da umarni.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Hajiya, ita ce yarinyar da na ce miki."

Matar ta juyo. Mai wata makarantar yara ce, ta kawo ɗinkin kayan ɗalibanta gaba ɗaya, da na wannan zango da na mai zuwa.

"Ke ce mai hannun? Tun watan jiya gwaggonki ta ce in kwantar da hankalina, kina gama makaranta za ki zauna a kansu. Da na ji ana cewa za ki wani gari na so in kai wani wuri, ta rantse mini ba inda za ki."

Ta yi sallama ta tafi. Yarinyar tana tsaye da jakarta a kafaɗa. Umma ta sauke bandir ɗin, ta tsaya tana gyara masa zama, ta juya shi, ta sake juyawa. Ba ta tambayi yadda gwaji ya kasance ba.

"Ina rigar?" in ji Gwaggo. "Sun bar miki ita ai? Kawo."

Ta zaro ta daga jaka. Gwaggo ta ɗaga ta kusa da fuska, ta laluba yagewar da yatsa, ta yi dariya har tana dafa tebur.

"Ta matse ko? Ayya. Maman Auta, zo ki ga aikin 'yar makaranta. Auta, zo gwada, ƙila ta shige ka." Ta ɗauki ƙusa ta soke rigar a bango, sama da keke, inda duk mai shigowa zai gani. "Bari ta zauna nan. In wata ta zo tana ce mini yarinyar nan ta isa buɗe shago, in nuna mata."

"Gwaggo, kin ce a kan alli."

"Na ce. Ke kuma da kika yi shekaru kina ɗinka abin da na yanka, ba ki da ido? In na ce ki sa hannu a wuta sai ki sa? Wanda za a gaya wa haka ya yarda, ina shi ina zama wani gari shi kaɗai? Gata na yi miki." Ta miƙa hannu. "Ba ni almakashina."

Yana cikin jaka, domin da shi ta je gwajin. Ta ba ta. Gwaggo ta naɗe shi a ƙyallensa, ta sa a aljihun tebur, ta tura da gwiwa.

A kan teburin akwai ɗaurin farko na kayan yaran, an riga an yanka tun da hantsi da wani tsohon almakashi, daga bandir ɗin da aka fara kawowa. Yarinyar ta kwance tsummar ta ɗauki gaban wata 'yar riga. Layin alli yana nan, a wajensa kuma rara ce mai faɗi, ta fi yatsa biyu, irin wadda ake bar wa yara saboda suna girma.

Ta shiga ɗaki don ta cire kayan makaranta. Umma ta biyo ta, ta saki labule, ta tsaya ta ba ta baya tana jera kwanonin da suke a jere.

"Umma, ranar nan da kika ce ruwa za ki ɗiba."

Umma ba ta juyo ba.

"Akwai ruwa a bokiti. Ni na cika shi," in ji yarinyar.

"Rage murya," in ji Umma. Can ta ce, "Auta bai gama firamare ba. Ina kike so in kai ku?"

Daga shago Gwaggo ta ɗaga murya. "In an gama gaisawa, zaren shuɗi yana cikin kwali. A fara da ƙananan."

Yarinyar ta rataye kayan makarantarta a ƙusa, ta fito, ta hau keke. Ta zura zare, ta jawo riga ta farko, yatsunta suka sami wurin riƙo ba tare da ta duba ba. A lokacin ta gane cewa Gwaggo ba kuskure ta yi ba: ta zaɓar mata gwajin da za ta iya kayar da ita a cikinsa ne, kuma Umma ta san haka tun ranar da aka shimfiɗa jarida a kan tebur.